Karkataccen Sitiyari

Daga gareji, ranar Talata

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau. Shekaranjiya na leƙa Gwaggo, gwiwar ta yi sauƙi, har ta fito tsakar gida ba sanda. Ta ce in gaya maka hoton da ka turo bai iya gaisuwa ba, ka kira uwarka ta ji muryarka. Baba ma yana gaida ɗan ƙanwarsa.

Direban tirelar da ke kawo mana tayoyi daga garinku ya ba ni takardarka. Na ga dariyar da ka yi min, wai a wannan zamani ina rubuta wasiƙa kamar kakanmu. Ka san babban yatsana, in na taɓa harafi ɗaya a waya uku ne ke fitowa, kuma ba a zana kwana a saƙon waya. Ka yi haƙuri da takarda. Baƙin man da ka gani a gefe shaida ce cewa ni na rubuta.

Ka ce a wasan tseren nan na kwamfuta motarka tana ƙin shan kwana, kana murza sitiyari hagu tana tura hanci wajen katanga, kuma kafin zagaye ashirin tayar gaba ta dama ta ƙare. Ka ce laifin saiti ne. Ka yi min afuwa Yaya, rabin laifin na ƙafarka ne.

Filin nan kamar ƙwai yake, duk kwanarsa hagu ce. Duk sanda ka shiga kwana nauyin motar kaf kan tayar gaba ta dama yake faɗawa, kamar a ce ku huɗu kun ɗauko firji a matakala sai aka sakar wa na ƙasa. Kai kuma na san halinka, ba ka ɗaga ƙafa daga totur sai ka ga katanga tana yi maka murmushi. Ka duba zanen da na yi a baya. Kafin kwanar farko akwai fitilu uku a kan shinge. Ka saki totur a ta biyu, ba ta uku ba. Ka taɓa birki kaɗan, kamar kana gwada ko ruwan wanka ya yi zafi. A tsakiyar kwana ka bar motar ta gangara da kanta. In ka ji taya tana kuka kar ka ƙara murza sitiyari, tayar da ke kuka kanta take ci. Sai hancin ya kalli mafita sannan ka koma totur, a hankali. Za ka ji kamar an wuce ka, amma ka duba agogo, shi ba ya ƙarya.

Maganar saiti kuwa, ka yi zagaye goma ka tsaya, ka buɗe shafin da ke nuna zafin taya. Kowace taya lamba uku gare ta: ciki, tsakiya, waje. Abin da nake yi a nan ne da tafin hannu in mota ta shigo da zafinta. In tsakiya ya fi zafi iska ta yi yawa. In gefe da gefe suka fi, iska ta yi kaɗan. Kuma don Allah abu ɗaya za ka canza, ka gwada, ka rubuta. In ka taɓa sifirin da iska da giya a lokaci guda, ko motar ta gyaru ba ka san wa za ka gode wa ba.

Kujerar da muka ciro daga matacciyar tasi tana nan a ɗakin ajiyar tayoyi, da sitiyarinta da muka ɗaura wa injin wasan, har da ɗan karkacensa. Na ji an ce bana ma za a yi dogon tseren nan na zagaye ɗari huɗu, mota ɗaya direba biyu. Ban manta alkawarinmu na shiga tare ba. Shekara shida ke nan muna cewa baɗi.

Ƙaninka,
Hawainiya

*

Daga ofis, ranar Lahadi

Hawainiya sarkin sannu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, sai mura da sanyin ofis ya sa min. Na kira Inna, ta cika min kunne da cewa ɗan Kawu ya fi ni jin ƙai. To ka ji, kai ne na gaban goshi.

Kai, mutumina! Fitila ta biyu! Da farko na ce wannan mai facin zai mayar da ni tsohuwa mai zuwa kasuwa, sai da na gwada. Na zo na huɗu ranar Laraba, jiya na zo na biyu. Tayar ta kai ƙarshe da sauran ranta. Ashe sannu ba ta hana zuwa, ban so in yarda ba don kai ka faɗa.

Ga labari. Na shiga wata ƙungiyar 'yan tsere ta nan wurin aikinmu, mu tara ne. Shugabanmu muna ce masa Kyaftin, babba ne a sashenmu, kuma ba ya wasa da abin nan, har riguna ya ɗinka mana. Akwai wani Mai Gilashi, in ka ga kayan wasansa sai ka yi kuka, allo uku, kujera mai motsi, sitiyari kamar na jirgin sama. Ƙungiyar za ta saka mota ɗaya a dogon tseren, kuma Kyaftin ya ce wanda ya kawo saiti mafi kyau shi ne direba na farko.

Nan ne nake buƙatarka. Ka turo min cikakken saitinka na babban filin, wanda ka daɗe kana dafawa. Ba bayani nake so ba, lambobi nake so, gurbi bayan gurbi. Na yi wa Kyaftin maganar ina da ɗan'uwa mai hannu, ya ce za a duba. Ƙarshen wata ake rufe rajista, saboda haka kar ka yi min tafiyar hawainiya. Ka ba direban nan a dawowarsa ta farko.

Ka gaida Kawu da Oganka.

Yayanka,
Injiniya

*

Daga gareji, ranar Alhamis

Yaya Injiniya,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sawwaƙe murar, ka rage zama ƙarƙashin na'urar sanyi. Kowa lafiya. Gwaggo ta ji daɗin kiran, kwana biyu tana ba da labari.

Wallahi takardarka sau huɗu na karanta. Da na zo wurin da ka ce ka yi wa Kyaftin maganata sai na tashi na zagaya gareji ba dalili, har Oga ya ce ko kunama ce ta harbe ni. Ashe bana ce baɗin tamu.

Ga shafi shida na ciro daga littafina. Na zauna gaban allo na kwafe komai yadda yake, ban tsallake ko gurbi ɗaya ba. Shafi na ɗaya da na biyu iska da zafin taya ne. Na uku sifirin da shokozoba. Na huɗu sitiyari da birki. Na biyar giya. Na shida shi ne abin da motar ke yi daga zagaye na ɗaya zuwa na sittin, ka karanta shi ko da ka ce ba ka son bayani. Shekara biyu na yi ina tara waɗannan lambobin, ba ni da wani kwafi mai tsabta sai wannan, ka riƙe min shi da kyau.

Abu ɗaya zan gaya maka game da ita. Saitin dogon zango ne. Zagaye biyar na farko bayanta zai riƙa ɗan rawa, kar ka ji tsoro, kar ka gyara. In tayoyi suka ɗauki zafi sai ta zauna daram. Kuma kar ka yarda da gwajin zagaye goma. Mota ba ta faɗin gaskiya sai ta gaji. Ka cika tanki ka yi sittin ba tsayawa, sannan ka yi mata shaida.

Na roƙi Oga ya ba ni ranar tseren. Ya dube ni ya ce, "Wato motar da ba ta shan mai ce za ta hana ka taɓa mai sha?" Na ce ranka ya daɗe shekara bakwai ban taɓa neman rana ba. Ya ce na ji, je ka, amma in ka zo na ƙarshe kar ka ce a garejina kake aiki. Ya ma rubuta a kalandar ofis da jan biro.

Yanzu duk hutun rana ina ɗakin tayoyi. Ina koyon shiga wurin canjin taya ba tare da na wuce gudun da aka ƙayyade ba, don a can ake zubar da tsere. Ina ganin kai ka fara, tunda ka iya cunkoson tashi, ni in karɓa a tsakiya in lallaɓa tayoyi, ka rufe. In Kyaftin yana son ganin tuƙina ka gaya min rana da lokaci. Sunan da nake amfani da shi a wasan bai canza ba, shi ne wanda ka laƙaba min.

Na gaya wa Gwaggo za mu shiga mota ɗaya. Ta ce Allah ya tsare hanya. Na ce ai ba hanyar gaske ba ce. Ta ce duk da haka.

Ƙaninka,
Hawainiya

*

Daga gareji, ranar Asabar

Yaya,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu nan lafiya, sai gwiwar Gwaggo da ta ɗan tashi, ta koma sanda.

Mako biyar ke nan. Direban ya zo sau uku, duk zuwa sai in je in tsaya kusa da shi kamar ina duba masa taya, shi kuma ya girgiza kai. Ya ce hannu da hannu ya ba ka shafukan a ƙofar ofishinku, har ka buɗe a gabansa. Na kira wayarka sau biyu tana ringin ba a ɗauka ba. Ban ƙara ba, na san aikin ofis ba kamar namu ba ne da za ka ajiye sifana ka amsa.

Wata ya ƙare, ina jin an rufe rajistar. Na ce wa kaina tunda ba ka ce komai ba, an gama ne, ba sai an faɗa ba. Ina ci gaba da gwaji. Jiya na yi zagaye ɗari da ashirin, bambancin zagayena mafi sauri da mafi nawa bai kai ƙiftawar ido ba. Na gano wani abu kuma: in ka laɓe a bayan wata mota a miƙaƙƙiyar hanya tana yanka maka iska, amma in ka bi ta haka cikin kwana hancinka zai rasa iskar da ke danne shi. Ka ɗan fito da fitilarka ta hagu waje kafin kwana. Ka gwada.

Layi biyu ma ya isa, Yaya. Lambar motarmu kawai nake son sani, in rubuta a bayan kujera.

Ƙaninka,
Hawainiya

*

Daga gareji, ranar Litinin

Yaya Injiniya,

Sallama. Lafiyarmu ƙalau. Taka ma na gani da idona, har ka yi ƙiba.

Ba sai ka turo lambar ba, na samu. Talatin da takwas. Jiya da rana na shiga shafin masu shirya tseren don in ga dokokin canjin direba, sai na tarar sun fitar da jerin motoci. Na bi da yatsa har na zo kan ƙungiyarku. Direba na farko, Injiniya. Direba na biyu, Mai Gilashi. Na sauka har ƙasa na sake hawowa, ko akwai wurin 'yan jiran ko-ta-kwana. Akwai. Wani ne a wurin.

A ƙarƙashin sunan ƙungiyar akwai bidiyo, na danna. Ga ka nan cikin rigar da Kyaftin ya ɗinka, a gaban farin allo, an rubuta Saitin Injiniya da manyan baƙaƙe. Minti goma sha takwas ne, na kalla har ƙarshe. Ka iya magana, wannan ba a ƙwace maka ba. Ka faɗi maganar fitila ta biyu. Ka faɗi ciki, tsakiya, waje. Har firjin da mutum huɗu suka ɗauko ka faɗa, aka yi dariya. Da wani ya tambaye ka yadda ka samo lambobin, ka ce, "Shekara biyu na yi ina bincike." Shekarun ma nawa ne.

Na jira in ji ka ce wani ɗan'uwana, ko wani mai faci, ko da ba suna. Na mayar da bidiyon baya sau biyu don ko a wurin da sauti ya yanke ne. Ba a wurin ba ne.

Ban ce sai ka saka ni ba. Mai Gilashi yana da allo uku, ni ina da talabijin mai layi a tsakiya. In da ka rubuto ka ce Hawainiya, abin ya fi ƙarfina, Kyaftin ya zaɓi nasa, wallahi da na ce Allah ya ba da sa'a, har in ƙara maka shafi na bakwai. Amma ranar da aka sa bidiyon tana rubuce a ƙasa. Kwana tara ne bayan direba ya ba ka takarduna. Wato duk makonnin da nake tsayawa jikin tirela kamar maraya, kai ka riga ka sani.

Oga ya shigo ya same ni zaune ba na tuƙi, ya ce, "Yau motar ta lalace ne?" Na ce a'a. Ya dubi allo, ya dube ni, ya fita. Jan biron yana nan a kalanda.

Tambaya ɗaya gare ni. A shafi na huɗu, gurbin karkatar sitiyari, na rubuta tara. A bidiyon ka zagaye ta da jan alli, ka ce ita ce sirrin saitin, wai ka lissafo ta ne daga gangaren filin. Yaya, ka san daga ina tarar nan ta fito?

Ɗan Kawunka,
Hawainiya

*

Daga ofis, ranar Juma'a

Ƙanina,

Sallama. Ina lafiya. Ya ƙafar Inna? Na ji ka, kuma ban ji daɗin yadda ka ɗauki abin ba.

Ni ban taɓa ce maka an saka ka ba. Koma ka karanta, cewa na yi za a duba, kuma an duba. Kyaftin ya ce intanet ɗin unguwarku ba abin dogaro ba ne, in ya yanke a tsakiyar tsere ƙungiya gaba ɗaya ta tashi a banza. Kuma ka gane, Kyaftin shi ne shugabana a wurin aiki, Mai Gilashi kuma ƙanin matarsa ne. Me kake so in yi? Na yi shiru ne don ina neman yadda zan gaya maka ba tare da ranka ya ɓaci ba, kwanaki suka yi ta tafiya.

Maganar bidiyo, ba ka san mutanen nan ba. In na ce mai faci ne ya haɗa saitin, wanda bai gama sakandare ba, ba wanda zai ɗora shi a motarsa. Da sunana ya shiga, amma aikinka ne ke gudu. Ni da kai ai ɗaya ne, abin ɗan Kawu nawa ne. Tambayarka ta tara kuwa na gane gatse ne. Na sha, na haɗiye.

Yanzu bar wannan, akwai matsala. Mun ci gajerun tsere biyu da saitin, motar tana faɗa wa kwana kamar yunwa take ji. Amma da muka fara gwajin dogon zango, daga zagaye talatin da biyar tayar gaba ta dama sai ta mutu. Mai Gilashi ya sha katanga sau biyu, yana cewa kafaɗarsa ciwo take. Na rage iska, na ƙara, na sassauta sifirin, abin sai gaba yake. Jiya Kyaftin ya ce min a gaban kowa, "Injiniya, ba kai ka haɗa ba? To warware mana." Na ce ina kan lissafi.

Saura mako biyu. Rajista ta rufu, ko ina so ba zan iya canza suna ba. Amma in muka yi abin kirki zan sa a rubuta sunanka a jerin godiya, kuma baɗi, wallahi baɗi ni da kai ne. Ka duba littafinka ka gaya min abin da ka ɓoye. Na san akwai. Kar ka bari in ji kunya a gaban mutanen nan, jininmu ɗaya.

Yayanka,
Injiniya

*

Daga gareji, ranar Laraba

Yaya Injiniya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau. Ƙafar Gwaggo tana nan yadda take, likita ya ba ta ranar komawa.

Takardarka ta kwana uku a aljihuna. Ba zan ɓoye maka ba, na yi niyyar in bar tirelar ta tafi ba amsa, ranar tseren in zauna in ƙirga muku zagaye har talatin da biyar. Abin da ya hana ni, jiya wani mutum ya zo ya zazzage mu a kan aikin da ba mu muka ɓata ba, ya shiga motarsa zai tafi. Oga ya hango notin tayarsa ɗaya ya kwance. Ya tare shi, ya ɗaure masa notin. Da mutumin ya tafi ya ce min, "Zagi nasa ne, noti namu ne." Ban gaya wa Oga komai ba, amma kamar ya karanta aljihuna. Kuma Mai Gilashi bai yi min komai ba da zan bar kafaɗarsa tana ciwo.

Ban ɓoye maka komai ba, Yaya. Yawa ma na ba ka. Kuma tambayata ba gatse ba ce, so nake in ji ko ka tuna.

Ranar da muka ɗaura sitiyarin tasi a injin wasan, ramukansa ba su yi daidai da na farantin ƙarfen da ake ɗaura shi a kai ba, sai da muka huda sababbi. Kai ka zauna a kan tsohuwar taya ka riƙe shi tsakanin gwiwoyinka, ni ina hudawa. Ina cikin rami na biyu Gwaggo ta leƙo tana kiranka, ka juya ka amsa, sitiyarin ya juya tare da kai. Da muka ɗaura sai ga shi a karkace. Na ce mu nemo wani faranti. Ka yi dariya ka ce, "Bar shi haka, ai mu biyu ne kawai za mu tuƙa shi, mun san halinsa."

Tarar nan ita ce karkacen. Ni na saka ta don in sitiyarina ya miƙe a hannuna, tayoyin ma su miƙe. Ba ruwanta da gangaren fili. Da na kwafe maka lambobin na manta da ita, don shekara shida tana wurin, na daina ganinta. Wannan kuskurena ne, na ɗauka.

A sitiyarin da ba shi da karkace, tarar tana ƙara wa tayoyi murɗa zuwa hagu. Hannun direba yana zuwa inda ya saba a kwana, amma tayar ta riga ta wuce inda ya kamata, sai ta riƙa gurzar ƙasa kaɗan-kaɗan. A gajeren tsere daɗi za ka ji, motar tana faɗa wa kwana. A dogo kuwa ta cinye kanta. A miƙaƙƙiyar hanya kuma dole mutum ya riƙa tokare ta, shi ne ciwon kafaɗar. Da ka yi sittin ɗin da na ce tun farko, da ka gani kafin ka hau bidiyo.

Ka mayar da ita sifili. Iska da sifirin da ka tattaɓa, ka mayar da su yadda suke a takarda. Ku yi sittin ba tsayawa. Motar za ta kai ku.

Yadda za ka gaya wa Kyaftin cewa sirrin da ka zagaye da jan alli sifili ne, wannan lissafin naka ne, kai ka yi makaranta. In ka ga dama ka ce sabon bincike ne. Ba zan shiga shafinsu in ce komai ba.

Kar ka sa sunana a jerin godiya. Maganar baɗi kuma mu bar ta haka, na gaji da jin sunanta. Shafukana shida dai ka ba direba ya dawo min da su, ka riga ka kwafa.

Ranar da Oga ya ba ni ban mayar ba. Ta zo daidai da ranar likitan Gwaggo, ni zan kai ta. Har yanzu tana gaya wa maƙwabta 'ya'yanta biyu za su shiga mota ɗaya. Ban gyara mata ba. Kai za ka gaya mata, in ka kira.

Zumunci yana nan, in ka zo gida ƙofar gareji a buɗe take. Sai dai in ka zauna a kujerar za ka ji ta daban. Shekaranjiya na kwance sitiyarin, na samo sabon faranti, na huda ramuka shida, ya miƙe sak. Wannan karon a jikin teburin ƙarfe na matse shi da kilam na huda, ban nemi kowa ya riƙe min ba.

Ɗan Kawunka,
Hawainiya